Cittar Sumana

Jama'ar shafin nan, sannunku da hutawa. Masu bina don dariya, sannu. Masu bina don gulma, ku ma sannu, na san ku kuka fi yawa. Derrick ne naku, mai shagon cajin waya a hanyar tasha, Kafanchan. Yau babu bidiyo, babu rawa. Labari na kawo muku, kuma na cikin gidanmu ne, don haka wanda datarsa ta kusa ƙarewa ya je ya sa wata ya dawo, ina jira.

Ina da kawu, yayan mamana, sunansa Azariya Kambai, amma duk unguwa Saja ake ce masa. Tsohon soja ne, ya yi aikin kwantar da tarzoma na ECOMOG a Laberiya tun ba a haife ni ba. A gidansa nake zaune, ɗakin baya, can wajen tsoffin kwatas na reluwe inda awaki suka gaji layin dogo. Matarsa ta rasu. 'Ya'yansa suna Abuja da Fatakwal, suna kira ranar Kirsimeti da ranar da suka tuna. Gidan daga ni sai shi sai rediyo, kuma a cikinmu ukun rediyo ce ta fi hira da shi. In ka ce masa ina kwana, ya ce "mm". In ka ce an ɗauke wuta, "mm". Na taɓa gwada shi na ce na bar coci zan koyi bokanci, ya kalle ni ya ce "mm", ya ci gaba da wasa fartanyarsa.

Mutum ɗaya ne a duniyar nan yake buɗe bakin Saja. Sunansa Sumana, Bazabarme ne daga Dosso a Nijar, shi ma tsohon soja. A wani shingen hanya suka haɗu a Laberiya, lokacin da sojojin Nijar suka je taya namu aiki. Namu Turanci, nasu Faransanci, aka tsaya ana kallon kallo kamar kaji biyu a kasuwa. Sai Saja ya zagi sauro da Hausa, Sumana ya amsa masa. Shi ke nan. Babu Bahaushe a cikinsu, kowa aron Hausar ya yi, amma har suka tsufa kowanne yana rantsuwa ɗan'uwansa ne yake ɓata ta.

Duk shekara in an haƙe citta, an tsaga, an shanya, sai ka ga Sumana ya diro daga motar albasa da jakarsa, da dabino, da kilishi, da 'yar tukunyar shayi. Dokar gidanmu ita ce, ba a sayar wa kowa citta sai Sumana ya zo ya zaɓa. Zai karya yatsan citta ɗaya, ya shinshina, ya ce wannan ai rogo ne aka shafa wa barkono, Saja ya ce albasarka ma ruwa ce zalla, sannan a ɗinke buhuna. Makonnin da yake yi, gidan nan ba ka gane shi. Saja yakan ɗaure karensa a bayan gida don Sumana ya yi sallarsa a baranda hankali kwance. Su zauna gindin mangwaro suna kiran sunayen mutanen da babu wanda ya sani sai su, wasu sunayen su yi dariya har da tari, wasu kuma su kalli ƙasa. Ranar da Sumana ya hau mota, Saja ya koma "mm" sai wata shekara. Maganar shekara guda yake tarawa ya juye wa mutum ɗaya.

To, sai damina ta 2023 ta zo da nata. Sojoji suka karɓi mulki a Nijar. ECOWAS ta ce ba ta yarda ba, aka rufe boda, Najeriya ta yanke musu wuta, har aka fara maganar tura sojoji. Mali da Burkina suka ce duk wanda ya taɓa Nijar ya taɓa su. A Yamai ana ƙona tutar Faransa ana ɗaga ta Rasha.

Ku zo ku ga bakin shagona a lokacin. 'Yan okada da ke jiran wayoyinsu su cika duk sun zama masana harkar duniya. Jason, wanda iyakar tafiyarsa Akwanga, shi ne jakadan Rasha. Ya ce Turawan Yamma sun gama cin Afirka, yanzu lokacin sabon aboki ne. Kevin kuma Amurka, saboda yayarsa tana aikin jinya a can tana aiko masa da takalma. Ya ce sabon abokin ma da cokalinsa ya zo. Kullum sai sun kusa dambe a kan ƙasashen da ko a taswira ba za su nuna maka ba. In suka tambaye ni ɓangarena, in ce ni Chaina ce, ba na cewa komai, wayar kowa ina caji.

Ina cikin wannan shirme wata ranar Talata da hantsi sai ga Jason ya taka birki a gabana, ya ce in hau, kawuna yana ƙofar sansanin sojoji. Na ce wane kawun. Ya ce mai "mm".

Muka isa na gan shi. Ya goge tsohuwar kakinsa da ta daina rufe ciki, ya sa hular ECOMOG, ga jaka a kafaɗa, ya ƙame gaban wani soja da bai kai ɗansa na ƙarshe ba. Wai a sa sunansa cikin masu tafiya Nijar. Yaran sojojin sun yi masa kirki, gaskiya. Suka kawo kujera da ruwa, suna ta Baba ka huta, babu ma wanda ya ce ana tafiya. Amma 'yan kallo sun taru, kuma kun san zamanin nan, kowa da waya a hannu. Kafin mu kai gida bidiyo ya riga mu. Wani ya rubuta a kai wai tsohon sojan ECOMOG ya rantse sai ya shiga Yamai da ƙafarsa. Wani ya sa masa kiɗan yaƙi a ƙasa.

A hanya na ce, Kawu, me ya kai ka? Kai da gwiwa ke hana ka hawa matakalar coci? Ina jiran "mm", sai ya tsaya a gefen titi ya yi mini magana mafi tsawo da ya taɓa yi mini.

"A Laberiya, gidan da soja ya ajiye jakarsa, babu mai taɓa gidan. In za a shiga, gara ina ciki. In riga su isa Dosso, in ajiye jakata a ƙofar Sumana."

 Na ce masa yaƙin yanzu da jirage marasa matuƙi ake yi, ba sa duba jakar kowa. Ya gyara hularsa muka ci gaba da tafiya.

Ba a yi yaƙin ba, kun sani. Amma bidiyon ya tsallaka bodar da mutane ba sa tsallakawa. A makon nan Saja ya ce in kira masa Sumana, waya ta yi ta ƙara ba a ɗauka ba. Washegari haka. Muka tura saƙon murya, Saja ya riƙe wayar kamar mai riƙe ƙwai ya ce, Sumana, ni ne, ka kira. Aka nuna an saurara, ba amsa. Daga baya lambar ma ta daina shiga gaba ɗaya.

Shekarar kuma ita ce ciwo ya faɗa wa citta. Wanda ke Kachia ko Kwoi ko Nok ya san abin da nake faɗa. Ganye ya yi rawaya, ka tona ka tarar da ruɓa mai wari. Mutane sun yi kuka a gona kamar gidan makoki. Tamu gonar, a hanyar Kwoi, gefe ɗaya da ke kan tudu ya tsira. Muka haƙe ɗan abin da ya samu, muka tsaga, muka shanya a tampol, ta bushe fes, ƙamshinta har titi. Citta ta zama gwal a shekarar. Madam Mildred, wadda ke saya wa kamfanonin da ke fitar da ita waje, ta zo gidanmu da kanta. Matar da a da sai dai ta aiko yara. Ta ce masu saye daga Indiya suna matsa mata, na Chaina suna matsa mata, Saja ya taimaka. Ta kira shi Dadi, ta tambayi gwiwarsa, har addu'a ta yi mana kafin ta zauna. Saja ya ce Sumana bai zaɓa ba tukuna. Ta ce wane Sumana, boda a rufe. Ya ce za a buɗe.

Na yi masa magana, na yi wasa, na yi fushi. Na ce Kawu, manyan ƙasashe ma ba su da aboki na har abada, jiya Nijar da Faransa kamar miya da tuwo, yau ga shi an kori Faransawa da kayansu. Ya ce shi ba ƙasa ba ne. Muka jera buhunan a ɗakin da Sumana ke kwana, ya kulle, ya sa makullin a aljihu.

Kirsimeti ta wuce, kujerar gindin mangwaro ba kowa. A Janairu rediyo ta ce Nijar da Mali da Burkina sun fice daga ECOWAS, sun tsaya a tasu ƙungiya. Saja yana aske gemu a lokacin, ya tsaya da reza a hannu ya tambaye ni, wato yanzu abin da shi da Sumana suka je yi Laberiya tare, na wa ke nan? Na ce ya yi hankali kar ya yanke kansa.

Da aka buɗe boda wajen Maris, sai ya samu sabon aiki. Duk ranar da motocin albasa ke sauke kaya, zai yi wanka, ya sa rigar coci, ya je ya zauna a benci wajen masu dako. Ba ya tambayar kowa komai. Yana kallon duk wanda ya diro daga mota, in na ƙarshe ya sauka ya tashi ya dawo gida. Masu dako har sun saba, suna ajiye masa wurin. In na wuce a okada na hango shi, sai in juya kai kamar ban gani ba, don in ya san na gani zai ji kunya. Ni ma fa ba wai ina da taron mutane ba ne. Abokan da muka taso tare duk sun watse, wani Legas, wani Kaduna, wani ya bi hamada ba a sake jin labarinsa ba. Ku ɗin nan da nake wa surutu a waya, ku ne majalisata. Don haka na san yadda bencin nan yake.

Ruwan farko ya sauka a Afrilu, kuma kwanon ɗakin nan yana yoyo. Na karɓi makulli na shiga, na ji warin ya fara canzawa, buhun da ke jikin bango ya fara furfura. Busasshiyar citta ba ta shiri da laima, in ta yi baƙi ko kyauta ba mai karɓa. Na ga in na bar wa tsofaffin nan biyu, sai mu rasa cittar mu rasa Sumanan. Na samu wani direba ɗan Konni da ke kawo albasa, na cika masa wayarsa da fawabank ɗinsa kyauta, na roƙe shi ya sa a nemo mini wani tsohon soja mai sayar da citta a kasuwar Dosso, a ba shi lambata, a ce ɗan gidan Saja ne ke nema, ba Saja ba.

Sai da na fid da rai, rannan da rana tsaka ina shago wata baƙuwar lamba ta shigo. Ina ɗauka na gane tarin, Sumana ne. Na fita bayan shago inda janareto ba ya damuna. Ya tambayi gida, ya tambayi kare, ya tambayi mangwaron ko ya yi 'ya'ya bana. Ni kuma na kama zuba kamar rediyo, ina ta bayani cewa bidiyon nan ba haka yake ba, Baba Sumana, ba yaƙi kawu ya je nema ba. Ya katse ni.

"Ɗana, na sani. Tun ganin farko na sani. Na ga jakar a kafaɗarsa. Na ce wannan jakin, ƙofata zai zo."

Na ce to me ya hana ka ɗaukar waya?

 Sai ya ba ni labari a hankali. Ya ce lokacin garinsu ya yi zafi, ga duhu, ga tsadar abinci, kowa yana jiran jiragen ECOWAS. Unguwa duk an san yana zuwa Najeriya wajen wani abokinsa soja, akwai ma hotonsu su biyu da kaki a rumfarsa. Da bidiyon ya iso, matasa suka zo rumfar da waya a hannu, suka nuna masa, suka ce ba wannan ne mutuminka ba? Ɗansa na cikin soja, 'yarsa na aure a unguwar. Ya ce ya kalli fuskar Saja a wayar, ya ce musu bai taɓa ganin wannan mutumin ba. Suka nuna hoton bango. Ya ce wancan ya daɗe da mutuwa. Ya cire hoton da hannunsa a gabansu.

Na ce Baba, ai yanzu abin ya lafa, boda a buɗe, ga citta an ajiye maka tun Disamba ba a taɓa ba. Jin haka ya yi wani sauti da ban san sunansa ba. Ya ce ba boda ce ta hana shi ba. Ya ce mutumin da ya ɗauki jaka zai tsaya a ƙofarka, kai kuma ka ce ya mutu, da wane ido za ka sha shayi a gidansa?

"Ka ce masa fushi nake yi. Ka ce na ga bidiyo na yi fushi. Ya fi sauƙi a gare shi. Kar ka gaya masa ɗayan."

Na ce in na ce fushi ne, zai ci gaba da jiranka a benci. Ya ce ya sani. Ya ce a sayar da cittar, ya yi mini addu'a, ya kashe. Na sake kira, wani yaro mai shagon waya ya ɗauka ya ce tsohon ya tafi.

Na rufe shago da wuri. A hanya na shirya ƙaryar tsaf, har da yadda zan yi da fuska, kun san ni a wannan fannin ba a koya mini. Na tarar an ɗan samu rana, Saja ya fito da buhunan shi kaɗai, da gwiwar nan tasa, ya baje cittar a tampol yana tsince masu baƙi ɗaya bayan ɗaya. Ya ɗago ya kalle ni. Ban san me ya gani ba, amma ya ajiye abin da ke hannunsa ya ce, ka same shi.

 Na zauna a bakin tampol na gaya masa duka, da matasan, da hoton, da cewa an ce ya mutu, har da roƙon da Sumana ya yi kar in faɗa.  Da na gama ya tambaya ko har yanzu yana wannan tarin, na ce yana yi. Ya tambaya ko yaron da ke soja lafiya, na ce ban tambaya ba. Ya ce da na tambaya.

Ya daɗe yana juya wata citta a hannu.

"Daidai ya yi. Yana da yara a can. Ni ma da haka zan ce."

Na ce to in daidai ne, bari in sa direban ya koma ya gaya masa haka, ya zo. Saja ya girgiza kai. Ya ce ya san Sumana, da fushi ne da zai huce, amma kunya ce, kuma in aka aika masa da gafara sai ta ƙaru. Ya ce in kira Madam Mildred.

Ta zo washegari da mota, aka kwashe komai, ɗakin ya zama fayau. Saja bai tsaya wajen awo ba, ya bar ni da su ya shiga ciki.

Tun daga nan bai sake zuwa wajen motocin albasa ba. Masu dako sun tambaye ni ko ba shi da lafiya, na ce lafiyarsa ƙalau. Kuma ƙalau ɗin ne, yana ci, yana zuwa gona, yana zuwa coci. Sai dai a da, ranar kasuwa yana da dalilin yin wanka da sassafe ya goge riga. Yanzu ranakun duk ɗaya ne a wajensa. Jason da Kevin suna nan suna raba duniya a bakin shagona, jiya ma a kan wa zai samu ma'adinin yuraniyom na Nijar suka kusa fasa mini gilashi. Ni kuma in na tashi, sai in ɗan ƙara zagaye kafin in shiga gida, don shirun ya yi mini yawa.

Wani lokaci ina cewa gara da na faɗa, mutum kamar Saja bai cancanci a ajiye shi a benci da ƙarya ba. Wani lokaci kuma in ce wa ya aike ni, tsohon da ya san shi tun ba a haife ni ba ya ce kar in faɗa, na faɗa. Da har yanzu yana da wanda yake jira.

To, ga ku ga wurin sharhi. Ba na son masu cewa "Allah ya kyauta" su wuce, wannan na iya faɗa wa kaina. Da kai ne ko ke ce a bakin tampol ɗin nan, tsoho ya ɗago ya ce ka same shi, wanne za ku gaya masa?